Windows 11: A Hau Ko A Dakata? Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar 5 ga Oktoban 2021 da Windows 11, manhajar Microsoft mai tafiyar da kwamfuta wadda ta gaji Windows 10, ta fito ake kai ruwa rana a kanta. Wani ya ce kwamfutarsa ta koma tamkar sabuwa, wani ya rantse cewa tun da ya ɗora ta bai ƙara jin daɗin aiki ba. Na daɗe ina sauraren ɓangarorin biyu, kuma abin da na gano shi ne sau da yawa kowannensu gaskiyarsa yake faɗa, na'urorin da ke gabansu ne suka sha bamban. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Wai da gaske ne Windows 11 ta fi Windows 10 nauyi?

Ta ɗan fi ta, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Tushensu ɗaya. Idan ka ajiye kwamfuta mai ma'adanar SSD (irin mai sauri, marar faifai mai juyi) da RAM (wurin da take riƙe aikin da take kai) mai gigabait 8 ko 16, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka ga bambancin a zo a gani wajen buɗe takarda, lissafi ko kallon bidiyo. Inda nauyin yake fitowa shi ne a fuskar manhajar: File Explorer da jerin da ke fitowa idan ka danna dama a linzami an sake musu gini, kuma sukan ɗan yi jim kafin su amsa. Jinkirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma mutumin da ke danna wurin sau ɗari a yini dole ya ji shi a jikinsa. Akwai kuma ƙananan manhajoji da ke tashi a bayan fage ba tare da ka kira su ba, kamar Widgets da OneDrive, kowacce da rabonta a RAM.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Kamfanin Microsoft ya ce gigabait 4 na RAM ya wadatar a ɗora Windows 11. Ya wadatar ta tashi, ba ta yi aiki da walwala ba. Da zarar ka buɗe shafuka bakwai ko takwas na intanet tare da wata takarda, gigabait 4 ya cika, sai kwamfutar ta fara aron wuri a ma'adana. Idan ma'adanar tsohon faifai ne mai juyi, to tafiyar hawainiya ta kama.

An taɓa kawo mini wata kwamfutar cinya ana cewa sabuwar Windows ta kashe ta. Na kunna, na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, allon da ke nuna abin da ke cin ƙarfin na'ura, ya buɗe. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na zaune shiru, bai ko kai kashi ashirin cikin ɗari ba. Layin Disk kuwa ya kafe a kan ɗari bisa ɗari, kuma idan ka kasa kunne kusa da kibod za ka ji faifan yana ta ƙis-ƙis kamar ɓera a cikin kwali. Muka cire shi muka sa SSD, muka mayar da Windows 11 ɗin nan dai da ake zargi. Kafin mai ita ya gama gyara zama ta riga ta tashi. Shi ya sa duk wanda ya ce mini ta yi nauyi, tambayata ta farko ita ce: me Task Manager ya nuna maka? Gani ya kori ji.

Na ɗora ta jiya, fanka na ta ihu, batir na zuba. Na yi kuskure ne?

Kada ka yanke hukunci tukuna. A kwanakin farko Windows tana bin fayilolinka ɗaya bayan ɗaya tana yi musu rajista domin bincike ya yi sauri, tana sauke sabuntawa, tana neman direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da sassan na'urar kamar sauti, hoto da wayafai. Ka bar ta a jone da wuta da intanet, ka sake kunna ta sau biyu ko uku, ka ba ta kwana biyu zuwa uku. Bayan nan ka shiga Task Manager, sashen Startup apps, ka kashe duk abin da ba ka bukatar ya tashi tare da kwamfutar. Idan mako ya zagayo ba ta sauya zani ba, a nan ne za a fara binciken direbobi.

To me ya sa masu wasannin kwamfuta suka fi kowa ƙorafi?

Ruwa ba ya tsami banza. A makonnin farko na fitowarta an sami matsala ta gaske da furosesan Ryzen na kamfanin AMD. Kamfanin da kansa ya sanar cewa wasu manhajoji na iya raguwa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wasu wasanni kuma har kashi 10 zuwa 15. An gyara wannan kafin watan Oktoban 2021 ya ƙare, ta hanyar faci daga Microsoft da sabon direba daga AMD. Amma labari irin wannan idan ya fita ba ya komawa, har yau akwai masu kafa hujja da shi.

Abu na biyu yana nan har yanzu. Akwai wata kariya mai suna Memory integrity, wadda ke killace zuciyar manhajar a wani keɓantaccen wuri don kada mugun direba ya kai gare ta. A sababbin kwamfutoci takan zo a kunne, kuma tana cin wani abu daga ƙarfin na'urar. A 2022 Microsoft da kansa ya fitar da bayanin yadda mai wasa zai kashe ta idan yana son ƙarin sauri. Ni ba na ba wanda ke shiga asusun banki ko yin aikin ofis da kwamfutarsa shawarar ya kashe ta. Ribar kaɗan ce, abin da aka bayar kuwa babba ne.

A ɗaya gefen, furosesan Intel da yawa daga zubi na 12, wanda ya fito a ƙarshen 2021, suna da sassa iri biyu: masu ƙarfi don aiki mai nauyi, da masu tsimin wuta don ƙananan ayyuka. Windows 11 ta fi Windows 10 sanin wane aiki za ta miƙa wa wane sashe. Mai irin wannan na'ura idan ya ce maka sabuwar ta fi masa, ba fariya yake yi ba.

Kwamfutata lafiyarta ƙalau, amma an ce ba ta cancanta ba. Me ya jawo?

Wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni, domin a nan ne nake ganin masu fushi suna da hujja mai ƙarfi. Yawancin sharuɗɗan ba su da tsanani: furosesa mai bit 64 da sassa biyu aƙalla, RAM gigabait 4, ma'adana gigabait 64. Biyu ne suka tare wa jama'a hanya. Na ɗaya TPM 2.0, na biyu jerin furosesan da aka amince da su, wanda ya fara daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 na AMD, in ban da 'yan ƙalilan da aka yi wa sassauci. Ma'ana yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin ƙarshen 2017 an bar su a baya, ko da kuwa suna da Core i7 da RAM mai gigabait 16.

Sanin zubin naka ba wuya. Ka shiga Settings, System, About, ka duba sunan furosesan. Idan ka ga i5-7200U, lambar da ta biyo bayan ɗan layin nan ita ce zubin, wato na 7, bai shiga ba. Idan i5-8250U ne, na 8 ke nan, ya shiga. Tsakanin waɗannan biyun shekara ɗaya ce kacal.

Shi TPM ɗan sashe ne da ke adana makullan sirri a wurin da manhaja ba za ta iya kwashe su cikin sauƙi ba. Da shi ake kulle ma'adana, da shi ake tsare lambar sirri da zanen yatsan da kake shiga da su. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Abin da na kasa gamsuwa da shi shi ne a ce miliyoyin na'urori masu aiki garau su zama tarkace alhali babu abin da ya lalace a jikinsu.

Kafin ka fid da rai, ka duba wani abu. Kwamfutoci da yawa suna da TPM a cikin furosesa, a kashe kawai ya zo. Intel na kiran nasa PTT, AMD na kiran nasa fTPM, kuma a saitin BIOS, wato allon saiti da ake shiga kafin Windows ta tashi, ake kunna su. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc, za ka ga ko akwai shi da kuma wane zubi ne. Manhajar PC Health Check ta Microsoft ma za ta faɗa maka takamaiman sharaɗin da ka faɗi. Na sha ganin wanda har ya fara lissafin sayen sabuwa, ashe saiti ɗaya ne ya rage masa.

Na ji ana zagaye sharuɗɗan da Rufus. In yi?

Ana yi, kuma sau da yawa tana tashi ta yi aiki. Rufus manhaja ce ta kyauta da ake haɗa filashin girka Windows da ita, kuma tana da zaɓin cire binciken TPM da na RAM. Amma ka san abin da ka ɗauka. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa na'urar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Babbar sabuntawar shekara-shekara ma galibi ba ta zuwa da kanta, sai ka sake bin hanyar da hannu, kuma kowane zubi na Home da Pro wata 24 kawai ake tallafa masa. Ƙofar kuma tana iya ƙara ƙuntata: zubin 24H2 da ya fito a Oktoban 2024 ba ya tashi sam a kan tsofaffin furosesan da ba su da wani umarni mai suna SSE4.2, kuma wannan babu dabarar da ke zagaye shi.

Idan kwamfutar gwaji ce, kuma kana da hannu a harkar, bismillah. Idan ita ce abincinka, ko ta wani ce da zai kira ka duk ranar da ta tsaya, ban ba ka goyon baya ba.

Idan na yi zamana a Windows 10 fa? Ai ba ta daina aiki ba.

Ba ta daina ba, kuma ba za ta mutu rana ɗaya ba. Abin da ya tsaya ranar 14 ga Oktoban 2025 shi ne facin tsaro na kyauta da ake turowa duk Talata ta biyu a wata. Haɗarin yana da wata siffa da mutane ba su cika lura da ita ba. Tunda tushen Windows 10 da 11 ɗaya ne, duk ramin da aka toshe a sabuwar, akwai yiwuwar yana nan a tsohuwar. Masu kutse sukan zauna su yi nazarin facin, su gano ramin da aka toshe, sannan su juya kan waɗanda ba a toshe musu ba. Kowane wata ramukan ƙaruwa suke yi.

A tuna da WannaCry a watan Mayun 2017, ƙwayar cutar da ta kulle fayilolin jama'a a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. An fitar da facin ramin da ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ta cinye su ne waɗanda facin bai kai gare su ba.

Akwai ɗan jinkiri da aka bayar, wato shirin ESU, wanda aka sanar a 2025 cewa zai ci gaba da turo facin tsaro ga kwamfutocin gida har 13 ga Oktoban 2026. A sanarwar, ana shiga da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta idan ka yarda ka haɗa saitunanka da asusun Microsoft ta Windows Backup. Sai kwamfutar tana kan 22H2, zubin ƙarshe na Windows 10, za ta samu. Lokacin shiri ne aka ba ka, ba wurin zama ba.

Ina da manhajar kashe ƙwayar cuta mai kyau. Bai isa ba?

Bai isa ba. Ita maigadi ce a bakin ƙofa, faci kuwa gyaran katangar da ta tsage ne. Kana bukatar duka biyun.

Idan tana da kyau, me ya sa mutane suka yi ta jan ƙafa?

Alƙaluman StatCounter, kamfanin da ke ƙidaya irin manhajojin da ake shiga intanet da su, sun nuna sai a tsakiyar 2025 Windows 11 ta wuce Windows 10 a yawan masu amfani, kusan shekara huɗu bayan fitowarta. Babban dalili shi ne shingen na'ura da muka ambata. Lokacin da Windows 10 ta fito a Yulin 2015, kusan duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 7 tana iya hawanta, kuma kyauta. Wannan karon mutum na iya so amma a ce masa a'a. Manyan ma'aikatu kuma ba sa gaggawa, sai sun gwada kowace manhajar da suke aiki da ita. Ga kuma dalili mafi sauƙi: Windows 10 ba ta yi wa yawancin mutane laifin komai ba.

Wannan ja-in-jar ma tsohuwa ce. Da Windows Vista ta fito a Janairun 2007, an sayar da kwamfutoci masu RAM megabait 512 ɗauke da tambarin cewa za su iya ɗaukarta, alhali da ƙyar suke numfashi, har maganar ta kai kotu a Amurka. Direbobin firinta da na hoto ba su shirya ba. Jama'a suka manne wa XP, wadda ta fito tun 2001, har sai da aka janye mata tallafi a Afrilun 2014. Da Windows 7 ta zo a Oktoban 2009 aka karɓe ta hannu bibbiyu, ga shi kuwa a kan harsashin Vista aka gina ta. An gyara ta, gaskiya ne, amma a tsakanin nan na'urori sun ƙara ƙarfi, direbobi sun nuna. Windows 8 kuma a 2012 ta cire maɓallin Start, aka yi ta surutu har aka dawo da shi a 8.1. Ƙorafin jama'a yana da tasiri, kuma ko a Windows 11 an gani: jan fayil a ajiye kan sandar ƙasa da aka cire da farko, an dawo da shi a 2022.

Tsofaffin manhajojina da firintata za su yi aiki?

Kusan duk abin da ke aiki a Windows 10 yana aiki a 11. Ita kanta ba ta da zubin bit 32, amma manhajojin bit 32 suna gudana a cikinta lafiya. Inda ake samun cikas shi ne tsofaffin firintoci da na'urorin ɗaukar hoton takarda waɗanda masu ƙera su suka daina yi musu direba. Ka shiga shafin kamfanin ka duba kafin ka hau, ba bayan ka hau ba. Internet Explorer babu shi, sai dai wani yanayi a cikin Edge da ke buɗe tsofaffin shafuka. WordPad ma an cire shi daga 24H2.

Dole sai da asusun Microsoft?

Wajen sabon girki, Home da Pro na amfanin kai duk suna neman intanet da asusu, kuma hanyoyin kauce wa hakan ana ta toshe su. Wanda ya hau daga Windows 10 kai tsaye yana ci gaba da asusunsa na cikin kwamfuta. A ganina kamata ya yi a bar wa mutum zaɓi.

Amma ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe da kyau. Daga 24H2, sabon girki yakan kulle ma'adanar da BitLocker da kansa idan ka shiga da asusun Microsoft, kuma makullin ceto, mai lambobi 48, a cikin wannan asusun ake ajiye shi. Ranar da aka taɓa saitin BIOS ko aka canza wani babban sashe na na'urar, kana iya kunnawa ka tarar da shuɗin allo yana neman lambobin nan. Idan wani ne ya buɗe maka asusun, ko ka manta kalmar sirrinsa, to hotunanka da takardunka suna nan a ciki amma babu mai iya fito maka da su. Yau ɗin nan ka shiga asusun, ka nemo makullin, ka rubuta shi a takarda, ka ajiye inda ba tare da kwamfutar ba.

Ba na son Start a tsakiya. Ana mayar da shi gefe?

Ana mayarwa. Ka danna dama a kan sandar ƙasa, ka zaɓi Taskbar settings, sannan Taskbar behaviors, ka sauya Taskbar alignment zuwa Left. Tsohon jerin danna dama kuma yana ƙarƙashin Show more options, ko ka riƙe Shift yayin da kake dannawa ya fito kai tsaye.

Wanne ya fi, hawa a kan tsohuwar ko gogewa a sa sabuwa? In ban ji daɗi ba zan iya komawa?

Hawa ta Windows Update ya fi sauƙi, fayiloli da manhajoji suna nan yadda ka bar su, sai dai duk tarkacen shekaru ma yana biyo ka. Gogewa a girka sabuwa ya fi tsabta, kuma yawancin masu cewa tasu tana gudu kamar iska wannan hanyar suka bi. Kowacce ka zaɓa, ka fara kwafe abubuwanka zuwa wata ma'adana ta waje, ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa.

Komawa kuwa kwana 10 gare ka, kuma ga wanda ya hau ta sabuntawa kaɗai. Hanyar ita ce Settings, System, Recovery, Go back. Tsohuwar tana ajiye a wata jaka mai suna Windows.old. Kada ka goge ta don neman wuri a cikin kwanakin nan, domin ita ce tikitin komawarka.

Tawa dai ba ta cancanta ba, kuma ba ni da halin sabuwa. Yaya zan yi?

Kada ka jefar da ita, kuma kada ka bar ta a intanet babu faci. Ka fara shiga ESU idan da sauran lokaci, sannan ka zauna ka rubuta ainihin abin da kake yi da kwamfutar. Idan jerin bai wuce shiga intanet, imel, rubutu, lissafi da kallo ba, Linux Mint ko Ubuntu, manhajojin da ake ɗorawa a madadin Windows, za su ɗauke ka kyauta, da facin tsaro a kai a kai, kuma Mint tana tafiya da daɗi a kan gigabait 4 na RAM. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, ko da yake takarda mai ado da yawa takan ɗan goce. Akwai kuma ChromeOS Flex na Google ga wanda duk aikinsa a intanet yake. Wanda sana'arsa ta rataya a kan Photoshop ko wata manhajar da Windows kaɗai ta sani, wannan hanya ba tasa ba ce, gara ya fara tanadin na'urar da ta cika sharaɗi, ko da wadda aka yi amfani da ita ce, matuƙar furosesanta na cikin jerin.

Abin da ya fi burge ni da Mint shi ne ba sai ka goge komai za ka gwada ta ba. Ka ɗora ta a filashi, ka tashi kwamfutar daga filashin, za ta buɗe cikakkiya ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. Ka haɗa wayafai, ka kunna sauti, ka jona firinta ka buga shafi ɗaya, ka buɗe takardun da ka fi aiki da su. Za ta ɗan yi sanyin jiki saboda daga filashi take gudana, kada wannan ya ruɗe ka. Idan duk sun yi, ka kwafe kayanka ka girka. Idan wani abu ya ƙi, ka zare filashin ka sake kunnawa, kwamfutarka na nan yadda ka bar ta.